Kafin a karɓi shaidar antikor

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yakan haura digiri 40 tun kafin azahar, aka kawo mana wani ɗan akwati mai riƙe sanyi wanda muka yi makonni muna jira. Da na buɗe shi sai na tarar ƙanƙarar da aka jera a ciki ta narke, a tsakiya kuma ga wata ƴar kwalbar roba wadda ba ta kai ƙaramin yatsana tsawo ba. Ruwan da ke cikinta mikrolita 100 ne, wato kamar ɗigo biyu, amma kuɗinsa ya haura jikka ɗari biyu na sefa. Antikor ne, wato furotin na garkuwar jiki, wanda aka ƙera domin ya kama wani sashe na anzim ɗin da ake kira ATP sintaz, anzim kuwa shi ne furotin mai gaggauta aikin sinadarai a jiki. Wannan kwalba ta koya mini wani abu da ban samu a aji ba, shi nake so in rubuta a yau domin ƙannena da ke shigowa aikin labo, wato ɗakin bincike.

Sai an san abin da ake nema kafin a yi maganar abin da ake nemansa da shi. Tuwon da muka ci da kitsen da jiki ya tara kamar hatsi ne a rumbu: dukiya ce, amma ba a shiga kasuwa da rumbu a ka. Ƙwayoyin jiki suna bukatar kuɗin hannu da za su kashe nan take, wannan kuɗin kuwa shi ne sinadarin ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929. Bugun zuciya da motsin tsoka da saƙon da jijiya ke kaiwa ƙwaƙwalwa duk da shi ake biyansu. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, sai dai ya kashe ya sake haɗawa ba dare ba rana, har an ƙiyasta cewa abin da babban mutum yake juyawa a yini guda ya kusan kai nauyin jikinsa. Mafi yawan wannan aiki ana yin sa ne a cikin mitokondiriya, wasu ƙananan jakunkuna masu bango biyu da ke cikin ƙwayar jiki, waɗanda bangonsu na ciki yake a nannaɗe kamar zanen da aka ninke.

A jikin wannan bango na ciki akwai rukunan furotin guda biyar. Huɗu na farko suna miƙa wa juna ƙarfin da aka tatso daga abinci har ya ƙare a kan iskar oksijin da muke shaƙa, uku daga cikinsu kuma suna amfani da wannan ƙarfi su tura ƙwayoyin haidirojin masu caji, waɗanda ake kira furoton, zuwa ƙetaren bango. Furoton sukan taru a can kamar yadda ruwa ke taruwa a bayan madatsar Kainji, kuma babbar ƙofar komawarsu ita ce rukuni na biyar, wato ATP sintaz. Suna ratsawa sai su juya wani zobe da ke nutse cikin bango, wanda a jikin mutum da saniya yake da gaɓoɓi 8. Zoben yana riƙe da wani sanda, sandan kuma yana juyawa a tsakiyar wani kai mai ɓangarori shida, alfa uku da beta uku. Duk zagaye guda cikakke yana fitar da ATP uku. Na daɗe ina karanta wannan bayani, amma har yau idan na tuna cewa a cikin kowace tsokar jikina akwai injuna masu juyawa da gaske, ba da misali ba, sai in ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Ba a rana ɗaya aka yarda da haka ba. Peter Mitchell na Ingila ya kawo bayanin taruwar furoton a 1961, masana da yawa suka ƙi karɓa, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Paul Boyer na Amurka shi ya yi hasashen cewa anzim ɗin juyawa yake yi, John Walker da abokan aikinsa a Kambirij suka fitar da siffar kan a 1994 daga zuciyar saniya, sannan a 1997 wasu masu bincike a Japan suka liƙa wani siririn zare a kan sandan suka ga yana kewayawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Gani ya kori ji. A wannan shekarar ce Boyer da Walker suka samu tasu kyautar.

Mu a nan ba mu da na'urorin da za su nuna mana injin yana juyawa. Abin da muke iya tambaya shi ne ko yana nan a cikin nama, kuma nawa ne yawansa, wannan tambaya kuwa antikor ake aikawa ya amso ta. Antikor furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya gane baƙo ya maƙale masa, kowanne da irin baƙon da ya sani. Idan aka yi wa zomo allurar wani yanki na ATP sintaz, jininsa zai cika da antikor iri-iri masu kama wannan yanki ta wurare daban-daban, sai dai idan jinin wannan zomo ya ƙare, na zomo na gaba ba zai zama daidai da shi ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a haɗa ƙwayar garkuwar ɓera da ƙwayar daji mai hayayyafa ba iyaka, a samu zuri'a guda mai fitar da antikor iri ɗaya tak. Namu irin wannan ne, daga zuri'ar da aka yi wa lamba 15H4C4, wadda ta shahara wajen kama ɓangaren alfa. A riƙe wannan magana cewa a jikin ɓera aka samo shi, domin a nan ne ƙafata ta zame.

Hanyar da muke bi ita ce wadda ake kira westan bulot, wadda aka fara bayyanawa a 1979. Ana niƙa nama a narkar da furotin ɗinsa, a zuba a bakin wani jel, a sa wutar lantarki ta ja su, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya a baya. Daga nan a kwashe su zuwa wata farar takarda ta musamman, a jiƙa ta da madarar gari marar maiƙo domin a toshe wuraren da babu komai, sannan a zuba antikor ya kwana a cikin sanyi. Shi kansa ba a ganinsa, don haka washegari ake zuba antikor na biyu, wanda aka ƙera a jikin akuya domin ya kama duk wani antikor na ɓera, kuma yana ɗauke da abin da ke ba da haske. A ɗaki mai duhu ake ɗora fim, inda aka yi kamu sai baƙin layi ya fito. Ɓangaren alfa yana fitowa ne wajen kilodalton 55, kilodalton kuwa ma'aunin nauyin furotin ne.

Ɗan gwajin da aka ba ni na koyo ne, a kan hantar ɓeraye, ko kusa kamar yadda muke faɗa a Adar, waɗanda aka raba gida biyu, wasu suna cin abinci cikakke, wasu kuma abinci mai ƙarancin furotin. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa ya ga yadda jikinsu ke sanyi, ba su da ƙarfin ko da kuka. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa manyan ɓerayen labo da aka yaye a kan irin wannan abinci hantarsu ta tara kitse, mitokondiriyarsu ta lalace, ATP ya ragu. Saboda haka na shiga ɗakin duhu da amsar da nake fata a zuciyata, kuma fim ɗin ya ba ni ita: layi mai kauri a gida na farko, layi mai rauni a gida na biyu.

Na kai wa malamina fim ɗin da murna. Ya ɗaga shi ga hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗiyata, ina temwan ɗinki?" Yana nufin gwajin da ake yi a gefe domin a tabbatar layin na gaske ne. Na ce, "Malam, antikor ɗin kaɗan ne, na ga kamar asara ce a ɓata jel a kan abin da ba sakamako ba." Ya ce, "Wanda nake tambaya ba zai ci miki ko ɗigo na mai tsadar ba. Ki sake gudanar da samfuran nan, ki tsallake antikor na farko, ki zuba na biyu shi kaɗai, gobe ki kawo mini."

Bisa ƙa'ida, takardar da ba ta ga antikor na farko ba ya kamata ta fito fara fat. Tawa ta fito da layi wajen kilodalton 50, da wani a ƙasa wajen 25, kuma su ma sun fi kauri a gida na farko. Hanta gaɓa ce mai cike da jini, jinin ɓera kuwa cike yake da antikor na ɓeran kansa, waɗanda sukan rabu a cikin jel zuwa babbar sarƙa mai nauyin 50 da ƙarama mai nauyin 25. Antikor na akuya an umarce shi ya kama duk wani antikor na ɓera, bai san bambancin wanda na saya da wanda ɓeran ya zo da shi ba. Tsakanin 50 da 55 tazara ce kaɗan, a gajeren jel ɗin da na yi layukan biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Wani kaso na abin da na ɗauka ATP sintaz ne, jini ne da ban wanke ba. Kama da wane ba wane ba ce.

Kalmar temwan da muke amfani da ita a labo daga Faransanci take, ma'anarta kuma shaida. Wannan ya tuna mini da kakana a Tawa, Allah ya jiƙansa, wanda malami ne da yakan zauna majalisar alƙali. Yakan ce alƙali ba ya yanke hukunci da maganar mai shaida sai an yi masa tazkiyya, wato sai wasu amintattu sun zo sun tabbatar cewa mutumin adali ne, ba a san shi da ƙarya ko ruɗewa ba. Antikor mai shaida ne da ke cewa ya ga wane a wuri kaza, takardar da kamfani ya haɗo da shi kuwa yabon kai ce kawai, ba ta isa tazkiyya ba. A ganina wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa idan kuɗi ya yi kaɗan.

Matsalar ba ta ƙananan ɗakunan bincike kaɗai ba ce. A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar da hanyoyi biyar na tantance antikor, mafi ƙarfinsu ita ce a gwada shi a kan ƙwayoyin da aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin, a ga ko layin zai ɓace. A 2023 ƙungiyar YCharOS da ke Montireyal a Kanada ta wallafa gwajin da ta yi ta wannan hanya a kan antikor 614 na kasuwa masu kama furotin 65, fiye da rabinsu suka kasa a amfani ɗaya ko fiye, alhali da yawa daga cikinsu an riga an wallafa sakamako da su. Gwajin ya kuma nuna cewa waɗanda ake ƙerawa daga rubutaccen tsarin gado, ba daga jinin dabba kai tsaye ba, sun fi sauran inganci.

Cire ƙwayar gado aiki ne da ya fi ƙarfin yawancinmu a yanzu, amma akwai tazkiyyar da ke hannunmu, wadda ma ta fi sauƙi a nan. Zuciyar saniya, wadda Walker ya fitar da siffar anzim daga cikinta, tana daga naman da ya fi kowane yawan mitokondiriya, kuma da sassafe ana samunta da ɗuminta a mayanka. Ita ce shaidar da dole layi ya fito a kanta, idan bai fito ba to antikor ya mutu ko hanya ta ɓaci. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum da suka balaga ba su da mitokondiriya, saboda haka idan aka wanke su sosai aka raba su da fararen ƙwayoyi, suna iya zama shaidar da bai kamata layi ya fito a kanta ba. Sai dai a kula da jinin da za a ɗauka, domin an gano cewa masu ciwon sikila wasu jajayen ƙwayoyinsu sukan riƙe mitokondiriya, ciwon kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Bayan haka akwai shaidu biyu: tun da alfa uku ne beta uku a kowane inji, antikor na alfa da na beta ya kamata su hau tare su sauka tare, idan suka saɓa to akwai abin bincike.

Ko da antikor ya tabbata adali, shaidarsa tana da iyaka, wannan kuma shi ne abin da na fi so a fahimta. Yana cewa ne ɓangaren alfa yana nan, bai ce injin yana aiki ba. Mai injin niƙa zai iya nuna maka kan inji sabo fil alhali bel ya tsinke. Gaɓoɓin ATP sintaz daga gida biyu suke fitowa: mafi yawansu, har da alfa da beta, umarninsu yana cikin cibiyar ƙwayar jiki, amma guda biyu, ATP6 da ATP8, umarninsu yana cikin ɗan ƙaramin DNA na mitokondiriya kanta, mai haruffa 16,569, wanda ake gada daga uwa kaɗai. ATP6 ita ce ke riƙe da hanyar da furoton ke bi. A 1990 aka bayyana wani canjin harafi guda a wuri na 8993 na wannan DNA, wanda ke kawo raunin jijiyoyi da tangaɗi wajen tafiya da lalacewar gani, idan kuma kason mitokondiriyar da ta lalace ya yi yawa ƙwarai, wajen 90 cikin 100 ko fiye, yakan zama ciwon Leigh mai kama ƙwaƙwalwar jarirai. A irin wannan yaro layin alfa zai iya fitowa da kaurinsa kamar na mai lafiya. Wanda ya tsaya a kan wannan layi zai ce babu matsala, alhali injin ne ya kasa juyawa yadda ya kamata.

Domin haka ake da wani jel mai launin shuɗi, wanda Hermann Schägger da Gebhard von Jagow suka bayyana a 1991, inda ba a wargaza anzim ɗin, ana barinsa a haɗe ya yi tafiya da dukan gaɓoɓinsa. A nan antikor na alfa zai nuna ko kan yana manne da sauran jiki, ko kuwa yana yawo shi kaɗai a ƙasan jel. Ana kuma iya jiƙa jel ɗin da ATP da gishirin dalma, inda anzim ke aiki sai farin layi ya bayyana, idan aka sa maganin oligomisin mai toshe hanyar furoton layin cikakken inji ya ɓace. Akwai wani tarko a nan: yawancin kwalaben antikor ana zuba musu sinadarin azid domin kada su ruɓe, azid kuwa yana tsayar da rukuni na huɗu, yana hana ATP sintaz fasa ATP, yana kuma kashe abin da ke ba da haske a jikin antikor na biyu. Duk mai son auna aiki, ba yawa kaɗai ba, sai ya karanta abin da ke cikin ruwan kwalbarsa.

Game da zafi, wanda shi ne tsoron kowa a nan, abin da na lura shi ne antikor ya fi jure ƴan kwanaki ba sanyi fiye da daskarewa da narkewa a kai a kai, wanda ɗaukewar wuta ke jawowa idan gurup, wato injin ba da wuta, bai tashi da wuri ba. Ranar da kwalba ta iso nake raba ta mikrolita goma-goma, in ajiye a can cikin firiza tsakanin gorunan ƙanƙara, ba a jikin ƙofa ba, in rubuta lambar rukunin da aka ƙera ta a littafi. Jami'ar birnin nan tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, kuma firijin da ke aiki da rana, irin na ajiye allurar rigakafi, shi ne abin da nake ganin ya kamata kowane labo ya fara saya kafin antikor.

Wani zai ce ina ruwan ƙasa mai fama da zazzaɓin cizon sauro da wannan ƙaramin inji. Maganin bedakilin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2012 kuma yanzu yake cikin manyan magungunan tarin fuka mai bijire wa magani, aikinsa shi ne ya maƙale wa zoben ATP sintaz na ƙwayar cutar ya hana shi juyawa. Ƙwayar cutar sammore da ke kashe shanu, idan tana cikin jini, injin nata baya yake juyawa, yana ƙona ATP domin ya riƙe cajin bangon mitokondiriyarta, kuma ba ta rayuwa in babu shi. Har ma da raƙuman da ake kaiwa kasuwar Abalak suna da hannu a wannan fage, domin a 1993 masu bincike a Burussel suka gano cewa jinin raƙumi yana da wani irin antikor marar ƙaramar sarƙa, wanda ake iya yanke bakinsa mai kamu a samu ɗan guntu mai nauyin kilodalton 15, kashi ɗaya cikin goma na antikor na yau da kullum, mai jure zafi, wanda bakteriya ke iya ƙerawa. Ƙasar da ke da raƙuma da yawa haka, da kuma ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL mai haɗa allurar rigakafi a Yamai, ina ganin bai kamata ta dawwama tana jiran ɗigo biyu daga ƙetaren teku ba.

Gwajin nawa na sake shi daga tushe. Na wanke hantar da ruwan gishiri mai sanyi, na ware mitokondiriya da na'urar juyawa kafin in narkar da ita, na tsawaita jel domin 50 da 55 su rabu, muka kuma aro antikor na beta wanda aka ƙera a jikin zomo daga wata abokiyar aiki. A gefen hagu na sa zuciyar saniya, a gefen dama wankakkun jajayen ƙwayoyi, takardar antikor na biyu shi kaɗai kuma ta fito fara. Bambancin da ke tsakanin gidajen biyu ya ragu ƙwarai, ɗan abin da ya saura bai kai in kira shi sakamako ba, haka na rubuta a littafi, Malam ya sa hannu a ƙasa. Sauran hantar tana cikin firiza, jel mai shuɗi kuma yana son sanyi daga farkonsa har ƙarshe, don haka muka ajiye shi sai Disamba idan hunturu ya shigo.